Ƙurajen harfis a gaba: wane iri ne, kuma yaushe ya kamata a yi gwaji

Daren wata Laraba wajen ƙarfe 11 ƙanwata ta kira ni, tun daga sallamarta na san ba lafiya ba don muryarta rawa take yi. "Yaya dan Allah kar ki faɗa wa kowa, wasu ƙuraje ne suka feso min a gaba tun jiya, in na zo fitsari kamar ana tsaga ni da reza, ga zazzaɓi, ga kaluluwa ta fito min a matse-matsi." Na ce mata suna da ruwa a ciki? Ta ce eh, ƙanana ne sun taru wuri ɗaya, wasu ma sun fara fashewa. Na ce toh saurare ni da kyau, kar ki shafa musu komai, ba kirim ba man shafawa, gobe da sassafe ki tafi asibiti ki ce a duba ki kuma a ɗauki ruwan ƙurjin a gwada. Ta ce "Yaya ba jini za a ɗiba ba?" Na ce a'a, jini ba zai gaya miki komai ba a yanzu, ƙurjin nan da kike jin kunyarsa shi ne zai yi magana, kuma kwana biyu kacal gare ki kafin ya fara bushewa.

Aikina kenan, a ɗakin gwaje-gwaje nake, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda nake ganin mutane suna zuwa a makare. Mutum zai zauna da ciwo sati biyu yana ɓoyewa yana shafe-shafe, sai ya warke tas sannan ya zo ya ce a gwada shi a ga me ya same shi, alhali abin da za a gwada ɗin ya riga ya tafi. Wani kuma nasa akasin haka ne, jiya-jiya ya sadu da wanda yake zargi, yau ya zo a ɗebi jini, sakamako ya fito babu komai ya tafi yana murna, bai san jinin bai ma isa nunawa ba tukuna.

Ita wannan cuta da ake kira harfis ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma iri biyu ce, a takardar gwaji za ki ga an rubuta HSV-1 ko HSV-2. Tun a shekarun 1960 masana suka gano cewa biyu ne ba ɗaya ba. Na farkon, wato HSV-1, kusan kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba, shi ne ƙurajen nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan an yi zazzaɓi, mu ce zazzaɓi ya feso. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarsa ta hanyar sumba da yawu, babu ruwansa da wata saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, wato kashi 64 cikin 100, kinga kenan waɗanda suke da shi sun fi waɗanda ba su da shi yawa. Na biyun, HSV-2, shi kam kusan kullum ta hanyar jima'i ake ɗaukarsa kuma gaba da dubura da kewayensu ne gidansa, mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da shi, kuma mata sun kusa ninka maza saboda ya fi saurin tsallakawa daga namiji zuwa mace.

A da ana cewa na ɗaya na baki ne na biyu na ƙasa ne, shikenan an gama. Wannan maganar yanzu ba ta wadatar ba, domin HSV-1 yana sauka ƙasa, in wanda ke da shi a baki ya yi wasa da baki a al'aurar abokin zamansa to zai iya sa masa, ko da kuwa a ranar babu ƙurji ko ɗaya a leɓensa. A alƙaluman da hukumar ta fitar a Disambar 2024, mutum miliyan 846 ne ke da harfis na al'aura a duniya, sama da mutum 1 cikin 5 na 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma a cikinsu miliyan 376 HSV-1 ne ya kama su a gaba. Wasu ma duka biyun gare su.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, da ido ba a bambance su. Wallahi ko likitan da ya shekara 30 yana duba irin wannan ba zai kalli ƙurji ya ce wannan na ɗaya ne wannan na biyu ne ba, kamanninsu ɗaya sak. Ana fara jin ƙaiƙayi ko zugi ko wani irin tsikari a wurin, sai jan fata, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, su fashe su zama gyambo mara zurfi mai raɗaɗi, sannan su yi ɓawo su warke ba tare da tabo ba. Karon farko shi ne mafi wahala, yakan zo kwana 2 zuwa 12 bayan an ɗauka, da zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon kai da kaluluwa, kuma yana iya kaiwa sati 2 zuwa 4 kafin ya lafa in ba a sha magani ba. Amma fa ba kowa ke samun wannan ba, mafi yawan masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba, wata ɗan tsagewar fata kawai za ta gani ta ɗauka gogayya ce, wani ya ɗauka askin da ya yi ne ya fito masa da ƙurji, wata kuma duk ta haɗa ta ce sanyi ne ta ci gaba da shan antibayotik wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Toh in kamanninsu ɗaya ne kuma maganinsu ɗaya ne, me ye amfanin sanin wane iri ne? Amfanin yana cikin abin da zai biyo baya. Shi bairos ɗin in ya shiga ba ya fita, yana bin jijiya ne ya je ya kwanta a wani ƙullin jijiyoyi can ƙasan gadon baya, lokaci-lokaci ya farka ya biyo hanyar da ya bi ya dawo fata, shi ya sa ƙurajen suke yawan fitowa a wuri ɗaya ko kusa da shi. Rashin lafiya, gajiya, damuwa, lokacin al'ada, duk suna iya tayar da shi. HSV-2 a gaba yana jin daɗin wurin, a shekarar farko yakan dawo kamar sau 4 a tsaka-tsaki, wasu fiye da haka sosai, kuma yana yawan fitowa saman fata a ɓoye ba tare da ƙurji ba, bincike ya nuna ko waɗanda ba sa ganin alama suna zubar da ƙwayar a kusan kwana 1 cikin 10, masu ganin alama kuma kusan kwana 1 cikin 5. Shi kuwa HSV-1 in ya sauka ƙasa baƙo ne a wurin, karon farko zai iya zuwa da zafi sosai amma bayan nan yakan dawo kamar sau ɗaya a shekarar farko, da yawa ma ba ya sake dawo musu sam, kuma yaɗa shi ta nan ya fi ƙaranci. Sannan HSV-2 yana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau 3, shi ya sa duk wanda aka samu da shi ake ce masa ya yi gwajin ƙanjamau ma. Kinga mutum biyu da ƙurji iri ɗaya amma shawarar da za a ba su daban.

Ƙanwar tawa ta je da safen. Yadda ake yi ba wani abin tsoro bane, ɗan tsinke ne mai auduga a kai, a goga shi a gindin gyambon ko a ɗan fasa ƙurji ɗaya a dangwali ruwan, akwai zafi na 'yan daƙiƙu ba zan ɓoye ba, sai a jefa shi cikin wata 'yar kwalba mai ruwa a rufe a rubuta suna. Gwajin da ya fi kyau a yi da shi sunansa PCR, shi yana neman ainihin ƙwayar halittar bairos ɗin ne kuma yana faɗin ko na ɗaya ne ko na biyu, dan Allah in za a yi miki ki tambaya ko za a fitar da irin, don akwai inda za a rubuta HSV kawai a bar ki a duhu. Akwai tsohuwar hanya ta rainon ƙwayar a ga ko za ta tsiro, tana aiki amma ta fi saurin kuskure musamman in ƙurjin ya fara bushewa. Shi ya sa nake nanata awa 48 ɗin farko. Kuma in an goga ba a samu komai ba hakan bai wanke mutum gaba ɗaya ba, wataƙila an makara ne, in ya sake fitowa a koma tun ranar farko.

Likitan bai jira sakamako ba ya ɗora ta a kan magani, kuma haka ya dace. Da sakamakon ya fito HSV-1 ne. Amma kafin ya fito ɗin nan, kwanakin da ta yi tana kuka tana cewa "Yaya ni ban taɓa sanin kowa ba sai shi, ashe cin amanata yake yi", shi kuma mijin yana can yana nasa tunanin a kanta, gida ya yi tsit kowa na kallon kowa. Da na ga takardar tambaya ɗaya na yi mata, na ce mijinki in ya yi zazzaɓi ƙuraje suna fito masa a leɓe? Ta yi shiru sannan ta ce "tun da na san shi yake yin su, ya ce tun yana yaro." Na ce toh ga amsarki nan. Babu wanda ya ci amanar wani, abin da ya ɗauka tun yana ƙaramin yaro ne ya sa mata ba da saninsa ba.

Ko da HSV-2 ne ya fito ma ba zan yarda a yanke wa kowa hukunci da takarda ba. Mutum zai iya ɗaukarsa shekaru da dama da suka wuce, a wani auren da ya gabata misali, ya zauna da shi shiru bai taɓa ganin ƙurji ba, sai wata rana ya fito masa ko ya fito wa matarsa. Ƙurji ya fito yau ba ya nufin jiya aka ɗauko. Wannan abin yana ci min rai sosai saboda na ga yadda rabin sani yake rusa gida. Sai dai kuma kar a koma ɗaya gefen a ce daga bayan gida aka ɗauka ko daga tawul, bairos ɗin nan ba ya daɗewa a waje, fata da fata yake buƙata.

Yanzu maganar gwajin jini, nan ne rikicin ya fi yawa. Gwajin jini ba ya ganin bairos ɗin kansa, sojojin da jiki ya ƙera don yaƙarsa yake nema, kuma jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙera su har su kai a gani. Wasu cikin 'yan makonni, amma abin da ake bi shi ne a jira sati 12 daga ranar da ake zargin an ɗauka, in an yi da wuri ya fito negetif to a maimaita bayan sati 12 ɗin. Wanda ake so shi ne IgG mai rarrabe iri, wanda zai ba ki layi biyu, HSV-1 daban HSV-2 daban. Akwai wani kuma IgM, shi wannan in an ce za a yi miki ki ce a bar shi, ba ya bambance na ɗaya da na biyu, yana iya fitowa fositif a tsohon kamu in ya motsa, don haka maganar da ake yi cewa IgM yana nuna sabon kamu ne ba gaskiya bace, kuma ita ce maganar da ta fi haɗa ma'aurata faɗa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ma ta ce kar a yi amfani da shi.

Shi kansa IgG ɗin sai an iya karanta shi. In ya ce HSV-2 fositif kuma an tabbatar, to kusan tabbas a al'aura yake. In kuwa HSV-1 ne fositif, bai gaya miki a ina yake ba, baki ko ƙasa, kuma tunda mafi yawan mutane suna da shi tun yarinta to wannan sakamakon shi kaɗai ba labari bane. Na taɓa ganin wani bawan Allah riƙe da irin wannan takardar hannunsa na karkarwa, ya zauna a benci ya kasa tashi, bai taɓa ganin ƙurji a gabansa ba ko sau ɗaya, layin HSV-1 kawai ya gani da ja. Sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani sannan ya iya haɗiye yawu. Sannan ki duba lambar da ke gefen sakamakon HSV-2, a gwajin da aka fi amfani da shi daga 1.1 ake cewa fositif, amma in lambar tana tsakanin 1.1 da 3.0 sau da yawa ƙarya ce, dole a sake tabbatarwa da wani gwajin na daban kafin a ce wa mutum yana da shi. Wanda ake ɗauka a matsayin alƙali shi ne wani gwajin jini mai suna Western blot na Jami'ar Washington da ke Amurka. Saboda yawan fositif ɗin ƙarya ɗinnan ne kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a 2016, ya kuma sake nanatawa a 2023, kar a riƙa yi wa mutanen da ba su da wata alama gwajin jinin harfis haka kawai. Shi ya sa ma in kin je kin ce a yi miki gwajin cututtukan saduwa gaba ɗaya, sau da yawa harfis ba ya ciki sai kin ambata.

Ni a ganina ga waɗanda gwajin jinin zai amfana: wanda ƙuraje ko tsagewa ke yawan dawo masa a gaba amma duk sanda aka goga ba a kama komai, da wanda abokin zamansa aka tabbatar yana da shi yana so ya san matsayinsa, da wanda aka ce masa harfis ne da ido kawai ba a taɓa gwadawa ba, sai kuma mai ɗauke da ƙanjamau in likitansa ya ga dacewa. Wanda kuwa ke da ƙurji a jikinsa yanzu-yanzu, ya bar maganar jini ya je a goga, yau ba gobe ba.

Wani dalilin kuma da ya sa ba na son mutum ya zauna ya yi wa kansa hukunci da hotunan intanet shi ne, ba kowane gyambo a gaba bane harfis. Tunjere yana farawa da gyambo shi ma, sai dai nasa yawanci guda ɗaya ne, gefensa da tauri, ba ya zafi, yakan fito kamar sati 3 bayan saduwa kuma ya warke da kansa alhali cutar tana nan tana cin jiki a ɓoye, shi kuma allurar fenisilin tana kashe shi tas, kinga asara ce babba a ɗauka harfis ne a ƙyale shi. Don haka duk mai gyambo a gaba a haɗa masa da gwajin tunjere da na ƙanjamau. Ƙurjin aski yakan kasance da gashi a tsakiyarsa, ƙaiƙayin fungas yana zuwa da farin ruwa mai kauri, tsiron HPV kuma, wani bairos ne daban da ake ɗauka ta saduwa, nama ne ke tsirowa ba ruwa a ciki ba zafi.

Magani akwai, ba ya fitar da bairos ɗin daga jiki amma yana aiki sosai. A jikin kwali za ki ga Acyclovir ko Valacyclovir ko Famciclovir, na farkon tun farkon shekarun 1980 ake amfani da shi. Karon farko ana sha kwana 7 zuwa 10, in ya dawo kuma na 'yan kwanaki ne amma sai an fara tun ranar da aka ji tsikarin nan, in an bari ya kwana biyu amfanin ya ragu. Wanda nasa ke yawan dawowa ana iya ɗora shi a kan na kullum, kuma an gwada an gani shan Valacyclovir kullum yana rage sa wa abokin zama HSV-2 da kusan rabi. Kwaroron roba yana ragewa shi ma amma ba ya rufe ko'ina, kuma daga sanda aka ji alama har fata ta warke sarai a haƙura da saduwa. Wadda fitsari ya gagare ta gaba ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko ƙurji ya kusanci ido, wannan asibiti ne kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Inda na fi tsayawa da ƙanwata shi ne maganar ciki, don yanzu haka tana da juna biyu. Harfis a jikin jariri sabon haihuwa ba kasafai yake faruwa ba, kamar 10 cikin haihuwa 100,000 a duniya, amma in ya faru yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya yi kisa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne wadda ta daɗe da shi ba ita ce a babban haɗari ba, jikinta ya riga ya ƙera sojoji kuma suna ratsawa su kai ga jaririn, haɗarinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wadda ta kamu a karon farko dab da haihuwa ita ce abin ji, nata yana kaiwa kashi 30 zuwa 50. Don haka mai ciki da ta ga ƙurji a gaba a karon farko kar ta kwana da shi, kuma in miji ne ke da shi ita ba ta da shi, a watanni ukun ƙarshe a kiyaye sosai, har da wasa da baki in yana yin na leɓe.

Ranar da za ta fara zuwa awo ta ce min "Yaya sai na faɗa musu? Ni kunya nake ji." Na ce ki faɗa, ki ma tafi da takardar. Ta faɗa, an rubuta a katinta, an ce mata wajen sati na 36 za a ɗora ta a kan magani har ta haihu, wasu likitocin ma kafin nan suke farawa, ranar naƙuda kuma za a duba ta, in babu ƙurji babu alama ta haihu da kanta, in akwai a yi mata tiyata a ciro shi. Tun wancan karon na farko bai sake fito mata ba. Mijin kuma na riga na ja masa kunne da kaina, na ce duk ranar da ya ji leɓensa ya fara tsikari, ba shi ba sumbatar jaririn nan har sai ya warke, kuma ya wanke hannu kafin ya ɗauke shi.